Daga fim ɗin 'Hats Off' zuwa kaset ɗin Ibro: Yadda dariya ke salwanta idan ba a adana ta ba

A watan Nuwamban 1927, kamfanin shirya fina-finai na Hal Roach da ke Amurka ya fitar da wani gajeren fim na barkwanci mai suna Hats Off, ma'ana a cire huluna. Tsawonsa bai fi minti 20 ba, kuma babu magana a cikinsa, sai motsi da kallon-kallo da ɗan rubutun da ake saƙalawa tsakanin fitowa da fitowa. Mutum biyu ne suka ja shi: Stan Laurel, siriri mai fuskar tausayi, da Oliver Hardy, ƙato mai tumbi da ji da kai.

Labarin ba wani mai tsawo ba ne. Tallar injin wanki suke yi gida-gida a birnin Los Angeles. Wata mata ta yafito su daga can saman wata doguwar matakala, su kuma suka ɗauka ciniki ya faɗa, suka kinkimi injin suna nishi har sama. Da isarsu sai ta miƙo musu wasiƙa, ashe so take su jefa mata a gidan waya. Daga ƙarshe rigima ta kaure tsakaninsu a kan hula, wannan ya make ta wancan, wancan ya rama, masu wucewa suka shigo ciki, kafin ka ce kwabo titi ya cika da yagaggun huluna.

Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, yana ma cikin waɗanda suka fito da sunan mutanen biyu. Amma mai karatu, ko nawa gare ka yau ba za ka iya kallonsa ba. Rabon da a ji labarin an nuna shi tun 1930, a Jamus. Abin da ya rage sai hotunan da aka ɗauka a wurin aiki da bayanin labarin a rubuce. A 1932 sun sake juya labarin, suka sa fiyano a madadin injin wanki, suka kira shi The Music Box, har ya ci kyautar Oscar. Wannan yana nan, na farkon kuwa ya bi iska.

Ni malamin Hausa ne a ƙaramar sakandare, ba masanin fim ba. Abin da ya sa labarin nan ya tsaya mini a rai shi ne, hanyar da Hats Off ya bi ya ɓata, ita ce fina-finan barkwancinmu suka ɗauka yanzu haka, muna ji muna gani.

Yadda aka yi asarar

A ƙarshen 2013, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoton wani bincike da David Pierce ya gudanar. Ya ƙirga dogayen fina-finai marasa magana 10,919 da aka yi a ƙasar daga 1912 zuwa 1929. Kashi 70 cikin 100 sun ɓata ƙurmus. Kashi 14 kacal ne suka tsira a ainihin siffar da aka fitar da su. Wannan fa a Amurka ke nan, ƙasar da ke da kuɗi da kayan aiki.

Dalili na farko shi ne abin da ake ɗaukar fim ɗin a kansa. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda ɗan'uwan albarushi ne. Idan ya tsufa sai ya yi danƙo, ya narke, ya koma gari. Idan kuma ya ji zafi yana iya kamawa da wuta shi kaɗai, kuma ko cikin ruwa aka tsoma shi ba lallai ya mutu ba. A ranar 9 ga Yulin 1937, ana tsakiyar zafi, ma'ajiyar kamfanin Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey ta kama da wuta, naɗin fim fiye da 40,000 suka ƙone. A 1965 ma irin haka ta faru a wata ma'ajiyar kamfanin MGM.

Dalili na biyu ya fi wuta ɓarna, shi ne raini. Da fim mai magana ya shigo daga 1927, sai kamfanoni suka ga tsofaffin ba su da sauran kasuwa, tare musu wuri kawai suke yi. Wasu aka narkar domin a tatsi 'yar azurfar da ke jikin zaren, wasu aka zubar. Gajerun fina-finan ban dariya kuwa, dama kallon kayan lashe-lashe ake yi musu kafin babban fim. Wa zai ɓata kuɗi ya ajiye wauta?

Ko Charlie Chaplin, da duk sunan da ya yi, bai tsira ba. Fim ɗinsa Her Friend the Bandit na 1914, wanda ya yi da Mabel Normand, har yau ana cigiyarsa.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da wannan? Ai kuwa da ruwansa. Tun zamanin Turawa motar majigi ke zagaya garuruwanmu, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a nuna fim ɗin tsafta ko na noman gyaɗa da auduga, a haɗa da na ban dariya don jama'a su zauna. Fim maras magana ya dace da wannan aiki, tunda ba ya bukatar tafinta. Wanda santsi ya kwashe ya faɗi, ko a Wudil ko a Landan, dariya ɗaya ce. Har gobe idan muna hirar fim muna cewa wane shi ne "cali", wato mai ba da dariya, kalmar da ake dangantawa da sunan Charlie Chaplin.

Na gwada wannan a aji. Na nuna wa ɗalibaina 'yan aji biyu wani ɗan guntun fim ɗin Laurel da Hardy a waya, ban yi musu bayanin komai ba. Yaran da Turanci ke ba su wahala, sai ga su suna riƙe ciki. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai wannan Ibro ne da Kulu, sai dai ba sa magana." Gaskiyarta.

Shi kansa haɗarin naitiret mun ɗanɗana shi, kuma da ɗaci. Silimar Rex ta buɗe a Sabon Garin Kano a 1937, shekarar da ma'ajiyar Fox ta ƙone. Bayan shekara 14, ranar 13 ga Mayun 1951, wuta ta tashi daga ɗakin majigin silimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. A daidai wannan tsakanin ne kamfanonin duniya suka daina yin zaren naitiret, suka koma wanda ba ya ci da wuta haka.

Abin da ake nema a Landan, yana Jos

Wani abin mamaki game da ɓatattun fina-finai shi ne, ba kasafai ake gano su a inda aka yi su ba. A can ƙarshen hanya ake tsintar su, inda aka aika da su aka manta.

A 1978, a garin Dawson da ke arewacin Kanada, masu haƙa suka tono naɗin fim 533 a wani tsohon wurin ninƙaya da aka cike da su tun 1929. Garin shi ne zangon ƙarshe na masu rarraba fim, kuma kuɗin mayar da su ya fi ƙarfin amfaninsu, sai aka binne. Ƙasar wurin ba ta rabuwa da ƙanƙara, ita ta adana su. A 2010 aka ba da sanarwar gano A Thief Catcher, wani fim na 1914 da Chaplin ya fito a ɗan sanda, wanda wani ya saya a kasuwar tsofaffin kaya a jihar Michigan. A 2015 kuma aka samo ɓangare na biyu na The Battle of the Century, inda Laurel da Hardy suka tayar da yaƙin jifa da kek, cikin kayan wani mai tara tsofaffin fina-finai da ya rasu.

Mu ma nan an yi irin wannan tsintuwa. Gidan talabijin na BBC ya taɓa goge da yawa daga cikin tsofaffin shirye-shiryensa domin ya sake amfani da kaset ɗin, ciki har da wasan Doctor Who. A 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai suna Philip Morris ya gano kashi tara na wasan da aka fid da rai da su, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Shekaru da dama suna kan kanta, ana nemansu a Ingila.

Wanda ya fi shafarmu shi ne Shaihu Umar. Marigayi Adamu Halilu ya mayar da littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Daga baya fim ɗin ya yi ɓatan dabo, har aka saba jin labarinsa kawai a littattafan nazari. Sai a 2016 aka gano ainihin naɗinsa a cikin tarin gwangwanayen fim a wasu tsofaffin ɗakunan Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Legas, ta hanyar ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Da an ƙara wasu shekaru, ko da wani ya ga gwangwanayen sun tare masa wuri, da shi ke nan.

Darasi daga kan dutsen Assekrem

Labarin Shaihu Umar labarin ƙetare Sahara ne, kuma a cikin Saharar akwai wani misali da ke nuna ainihin abin da ke sa abu ya tsira. Mutanenmu da ke bin hanyar Agadas da Arlit zuwa Aljeriya sun san garin Tamanrasset. Kimanin kilomita 80 daga garin, cikin duwatsun Ahaggar, akwai wani tsauni da ake kira Assekrem, mai tsayin fiye da mita 2,700. A 1911, daidai lokacin da kamfanonin Amurka ke fitar da gajerun fina-finai kamar ruwan sama, wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld ya gina ɗan ɗakin dutse a can sama. Ya yi watanni a ciki tare da wani malami ɗan yankin, Ba Hammu, suna aikin rubuta kalmomin Buzaye ɗaya bayan ɗaya.

An kashe shi a Tamanrasset ranar 1 ga Disamban 1916. Ko me mutum zai ce game da aƙidarsa da kusancinsa da sojojin mulkin mallaka, aikin ya rayu. An buga ƙamus ɗin cikin juzu'i huɗu a 1951 zuwa 1952, ga kuma waƙoƙin Buzaye fiye da 500 da ya tattara daga bakin maza da mata. Ka duba fa: mutum biyu a kan tsauni da alƙalami da takarda, aikinsu yana nan, kamfanoni masu miliyoyin daloli kuwa nasu ya zama toka.

Mu bai kamata a koya mana wannan ba. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da waƙoƙin Nana Asma'u, ba ƙarfin takarda ne ya kawo su zamaninmu ba. Gara tana cin takarda, ruwa yana lalata ta. Almajirai ne suka riƙa zama suna kwafa da hannu, wannan ya kwafa daga wancan, kafin tsohuwar ta mutu an yi sabuwa. Duk abin da aka ga darajarsa ana kwafarsa, wanda aka raina kuwa a kwafi ɗaya yake mutuwa.

Camama ma tarihi ce

To, me muka raina? Barkwanci. Sunan da muka ba fina-finan su marigayi Rabilu Musa Ibro ma ya isa shaida: camama. Ana yin su cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan, a kai kasuwar Ƙofar Wambai ko Bata, a sayar, mako mai zuwa a fito da wani. Haka kamfanin Keystone ya riƙa yi da su Chaplin a 1914, kuma haka aka raina su.

Kafin su Ibro akwai na talabijin da rediyo: Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi a Kaduna, da Karambana na Ƙasimu Yero, da Karkuzu a Jos. Ibro ya rasu a Disamban 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Samanja a Nuwamban 2023, Karkuzu ma ya bi su. Allah Ya gafarta musu. Idan na zo koyar da wasan kwaikwayo na so in nuna wa yara Samanja, abin da nake samu a intanet guntaye ne, hoton ya dushe, muryar tana shaƙewa, ba shekara ba sunayen 'yan wasa. Mutumin da ya shafe shekaru yana sa Arewa dariya, ɗalibina na yau bai san ko wane ne ba.

Ba dariyar kaɗai za mu rasa ba. Wanda ke son jin Hausar barikin soja, yadda ake cakuɗa ta da Turanci ana murɗe kalmomi, a bakin Samanja zai ji ta. Wanda ke son ganin Kano ta zamanin 'yan acaɓa, kafin a hana sana'ar a farkon 2013, ya kalli fina-finan Ibro: ga tituna, ga tashoshin mota, ga irin ɗinkin da ake yayi, ga farashin kaya a bakin 'yan kasuwa, ga salon zagi da na zolaya. Yaron da aka haifa a shekarar da aka hana acaɓa yanzu yana gabana a aji. Mai barkwanci ba ya gina fada ta ƙarya, a titi yake aikinsa, shi ya sa titin ke shiga fim ɗinsa yadda yake. A Amurka ma da irin waɗannan fina-finai masu bincike ke gano yadda unguwannin Los Angeles suke shekara 100 da suka wuce. Da tsohuwar zuma ake magani.

Lokaci ba ya jiranmu

Masana'antar fim ɗin Hausa ta bidiyo ta fara ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kuma fiye da shekara goma a kan kaset ake fitar da komai. Kaset ba ya kamawa da wuta kamar naitiret, amma a hankali yake mutuwa. Zafi yana sa zaren ya manne, laima tana sa shi hunhuna, hoton yana raguwa ko ba a taɓa shi ba. Ga shi kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo mai kaset, ya daina tun 2016. Ko kaset ɗinka lafiya lau yake, ranar da za ka rasa abin kunna shi tana tafe. Faifan CD da ya gaje shi ma bai fi shi ƙarko ba, ƙarzuwa kaɗan ta isa.

Kada kuma mu ce ai an ɗora a YouTube. YouTube kasuwa ce, ba rumbu ba. Ranar da aka rufe shafin mutum, ko ya manta lambobin sirrinsa, ko ya rasu, abin da ke ciki na iya tafiya.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan da za mu shafa ba mai tsada ba ne.

Mai kaset a gida, ka fitar da su daga ɗakin da kwano ke gasawa, da kuma ƙasan gado inda laima take. Ka jera su a tsaye a wuri mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta. Wanda ya yi farin hunhuna kada ka cusa shi a na'ura, zai lalace ya lalata ta. Ka rubuta sunan fim da shekara da 'yan wasa a jiki. Idan ka samu mai juyawa zuwa kwamfuta, a yi kwafi biyu ko uku, a ajiye a wurare daban-daban, kuma kada a zubar da na asalin. Tsofaffin masu shagon haya da dillalan kaset, ku ne Dawson da Jos ɗinmu, don Allah kafin a kai buhunan nan bola a yi cigiya.

Furodusoshi da magadansu, haƙƙin mallaka naku ne, ba wanda ya ce ku bayar kyauta. Amma ajiye kwafi a ma'adana ba sayarwa ba ne. Akwai ma'adanar fina-finai da sauti ta ƙasa a Jos, akwai Gidan Arewa a Kaduna, ga sassan Hausa da na aikin jarida a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da ƙungiyar MOPPAN za su iya haɗa kai a fitar da cikakken jerin fina-finan da aka yi tun 1990, a san wanda ke hannu da wanda ake nema. Amurkawa sun san Hats Off ya ɓata ne saboda suna da rajistar da ta nuna an yi shi. Cigiya ba ta yiwuwa sai an san sunan abin da ya ɓata.

Mu malamai ma da namu aikin. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu a kwalejin ilimi, maimakon ya maimaita abin da aka yi sau ɗari, a tura shi wurin tsohon ɗan wasa ko mai ɗaukar hoto da ke raye, ya naɗi hirarsa, ya rubuto sunayen fina-finan da ya yi da inda kaset ɗinsu suke. Abokan aikin Ibro da Samanja da yawa suna nan da ransu, kuma a shirye suke su yi magana idan an tambaye su.

Masoya Laurel da Hardy sun kusa shekara 100 suna buɗe tsofaffin gwangwanaye a ƙasashe daban-daban ko Allah Zai sa su dace da minti 20 na mutum biyu da injin wanki. Namu kuwa bai kai ga haka ba tukuna. Yana cikin kwali a bayan shago, yana cikin buhu a ɗakin kaka, ana iya ceto shi a wannan shekarar da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wanda duk ke da irin wannan kwali, ya daure ya buɗe shi a makon nan.